Kwabon Amurka mai rufin jan ƙarfe: Wane tabo ne mai daraja, wane ne lahani?

A ranar 12 ga watan Nuwamban 2025 ne ma'aikatar buga kuɗi ta Amurka da ke birnin Filadelfiya ta buga kwabon senti ɗaya na ƙarshe da aka yi domin cinikin yau da kullum, abin da ya kawo ƙarshen aikin da aka soma tun shekarar 1793.

Gwamnatin ƙasar dai ta ce kwabon ya zama asara, domin a shekarar kuɗi ta 2024 ana kashe kimanin senti 3.69 kafin a ƙera senti ɗaya.

Har yanzu doka ta amince a yi ciniki da biliyoyin kwabban da ke hannun jama'a. To amma daina buga su ya sa mutane da dama sun koma suna zazzage gwangwanayen ajiya, suna duba ko akwai wanda zai yi tsada a wurin masu sha'awar tara kuɗaɗen tarihi.

Abin da akasari suke cin karo da shi kuwa shi ne ƙuraje, da bororo, da tsaga, da kuma kaushi a fuskar kwabon. Wasu kan ɗauka sun tsinci dami a kala, har su kai shi kasuwannin intanet su sa masa farashin ɗaruruwan daloli.

Sai dai a wurin masana harkar, mafi yawan waɗannan alamu lahani ne da ke rage darajar kwabo. Ƙalilan ne daga cikinsu ake biyan kuɗi a kansu, kuma sanin bambancin ya dogara ne ga sanin yadda aka ƙera kwabon tun farko.

Yadda aka koma yin rufi

An fara buga kwabon da ke ɗauke da hoton Shugaba Abraham Lincoln ne a shekarar 1909, lokacin cika shekara 100 da haihuwarsa.

Tun daga wancan lokaci har zuwa 1982, kashi 95 cikin 100 na jikinsa jan ƙarfe ne, kuma nauyinsa giram 3.11. An sami togaciya a shekarar 1943, lokacin Yaƙin Duniya na Biyu, sa'ad da aka buga shi da baƙin ƙarfe saboda sojoji na bukatar jan ƙarfen.

A farkon shekarun 1980 farashin jan ƙarfe ya tashi, har ta kai ƙarfen da ke jikin kwabon ya kusa fin darajar da aka rubuta a kansa.

Wannan ya sa a cikin shekarar 1982 aka sauya shi. Sabon kwabon cikinsa tutiya ce, wato farin ƙarfen nan da ake shafa wa kwanon rufi don kada ya yi tsatsa, sa'an nan aka lulluɓe ta da jan ƙarfe.

A lissafi, tutiya ce kashi 97.5 cikin 100, jan ƙarfe kuma kashi 2.5 kacal. Nauyin ya ragu zuwa giram 2.5, amma faɗi da launi da zane ba su canza ba, ta yadda mai ciniki ba zai lura ba.

Rufin bai kai kaurin gashin kai ba. Daga wannan siraran rufi, da kuma rashin jituwar da ke tsakanin ƙarafan biyu, kusan dukkan matsalolin suka samo asali.

Yadda ake ƙera shi

Ma'aikatar buga kuɗin ba ita ke yin rufin da kanta ba. Wani kamfani ne mai zaman kansa a garin Greeneville na jihar Tennessee ya daɗe yana samar mata da 'yan faya-fayan ƙarfen da ba a kai ga buga musu zane ba.

Ana yanko faya-fayan daga shimfiɗaɗɗiyar tutiya, a ɗaga bakinsu, a wanke su, sa'an nan a zuba su cikin ruwan sinadari mai ɗauke da narkakken jan ƙarfe. Wutar lantarki ce ke sa jan ƙarfen ya manne a jikinsu, kamar dai yadda ake yi wa sarƙa ruwan zinariya.

Daga nan sai a kai su Filadelfiya ko Denver, inda inji ke matse kowane faifai tsakanin hatimai biyu na ƙarfe mai tauri, ɗaya na fuska ɗaya na baya. Injin guda kan buga har kwabo 750 a minti ɗaya.

Ke nan akwai wurare uku da tabo zai iya fitowa: wajen yin rufi, wajen bugu, ko kuma bayan kwabon ya shiga hannun jama'a. Tambayar farko da mai tantancewa ke yi ita ce a wane mataki abin ya faru.

Bororo da ƙuraje

Lahanin da aka fi gani shi ne bororo, wato ɗan kumburi a fuskar kwabon mai kama da wanda wuta ke yi wa fatar mutum.

Yana faruwa ne idan rufin bai kama tutiyar sosai ba, sau da yawa saboda datti ko ragowar sinadari da ya saura a jikin faifan kafin a rufe shi. Lokacin bugu, zafi da matsi kan sa iskar da ta maƙale a ƙarƙashin rufin ta buɗe, sai ta tura shi sama.

Wani bororon ƙanana ne kamar ƙwayar gero, ya bazu a duk fuskar kwabon har ta yi kamar mai ƙyanda. Wani guda ɗaya ne babba. Wani kuma dogo ne siriri, kamar zare, ko kuma layuka da dama a jere masu bin hanya ɗaya.

An fi samun wannan matsala a kwabban 1982 da 'yan shekarun da suka biyo baya, lokacin da fasahar ba ta gama zama ba. Daga baya an inganta aikin, amma matsalar ba ta taɓa gushewa baki ɗaya ba.

Bororo yana yaudarar sababbin shiga ta hanyoyi da dama. Idan ya fito kusa da shekarar da aka rubuta, sai ya yi kama da ƙarin lamba. Idan dogo ne, sai a zaci tsagar hatimi ce.

Bambancin shi ne bororo cikinsa fanko ne, bakinsa kuma a sulɓe yake, ba shi da kaifi. Haka kuma ba a samun kwabo biyu masu bororo iri ɗaya a wuri ɗaya, tun da kowane faifai da tasa matsalar.

Da yake abu ne da ya faru a miliyoyin kwabbai, dillalai ba sa biyan ƙari a kansa. Hasali ma yana rage makin da kwabon zai samu.

Tsagewar rufi

Lahani na biyu yana aukuwa ne a daidai lokacin bugu. Sa'ad da hatimi ya danna faifai, ƙarfen kan malala zuwa cikin ramukan haruffa da zane, kuma dole rufin ya miƙe ya bi shi.

A inda miƙewar ta yi yawa, musamman gefen haruffan da ke kusa da baki da kuma gefen harafin D da ke nuna bugun Denver, rufin kan tsage. Sai a ga wani siririn layi fari ko ruwan toka yana bin gefen harafin. Tutiyar ce ta leƙo.

Wannan layi kan sa harafin ya yi kamar an buga shi sau biyu, kuma a nan ne ruɗani ke shigowa, domin akwai wani kuskure mai tsada da ke kama da haka.

Kuskuren na gaskiya yana faruwa ne tun wajen ƙera hatimin, inda zanen ya shiga sau biyu ba bisa daidai ba. Duk kwabon da wannan hatimi ya buga zai fito da ninki iri ɗaya, a ɗage, mai launin jan ƙarfe kamar sauran jikinsa.

Mafi shahara a cikinsu shi ne na 1955. A zamanin tutiya kuwa akwai na bayan kwabon 1983, da na kunnen Lincoln a 1984, da kuma na fuskar kwabon 1995. Dukkansu an san kamanninsu, an kuma rubuta su a kundayen masu tarawa.

Akwai wani abin lura game da harafin ma'aikata. Har zuwa 1989 da hannu ake doka shi a jikin kowane hatimi, shi ya sa wani lokaci yakan fito a ninke. Daga 1990 aka shigar da shi cikin uwar zanen. Saboda haka duk wanda ya ce yana da kwabon bayan 1989 da aka doka wa harafin sau biyu da hannu, to akwai alamar tambaya a kan maganarsa.

Ruɓewar tutiya

Bororo da tsaga munin gani kawai suke jawowa da farko. Illarsu ta gaskiya tana zuwa ne daga baya.

A kimiyyance, idan ƙarafa biyu mabambanta suka haɗu kuma laima ta shiga tsakaninsu, ɗayan ne ke cinyewa domin ɗayan ya tsira. Tsakanin jan ƙarfe da tutiya, tutiyar ce ke cinyewa, kuma kasancewar jan ƙarfen a kusa yana ƙara mata saurin lalacewa.

Don haka da zarar rufin ya huje, ko da hujin bai fi bakin allura ba, sai ruɓa ta fara daga ciki. Abin da tutiyar ke komawa ya fi ta cin wuri, sai ya riƙa tura rufin sama har ya fashe, ya bar rami mai farin gari ko baƙi-baƙi.

Gumi, da gishirin da ake zubawa a tituna lokacin ƙanƙara, da kwanciya a cikin ƙasa duk suna gaggauta wannan. Masu neman ƙarafa a ƙarƙashin ƙasa da na'ura sun san cewa kwabon jan ƙarfe na shekara ɗari kan fito da siffarsa, alhali na tutiya da bai fi 'yan shekaru a binne ba kan fito a cinye.

Kumburin ruɓa ya bambanta da bororon ma'aikata. Shi cikinsa a cike yake, yana da duhu a kewaye, kuma yana ci gaba da girma. Babu maganin da ke mayar da ƙarfen da ya riga ya cinye.

Kwabon da ya kai wannan matsayi ba ya da wata daraja a wurin masu tarawa, komai shekarar da aka buga shi, sai fa idan irinsa na da matuƙar wuyar samu.

Tsufan hatimi

Ba duk kaushin fuska ne laifin rufi ba. Hatimi guda kan buga dubban ɗaruruwan kwabbai kafin a jingine shi, kuma a tsawon wannan aiki fuskarsa kan gaji.

Kwabon da tsohon hatimi ya buga kan fito da kaushi mai kama da ɓawon lemo a filin da babu zane. Akan kuma ga siraran layuka suna fita daga tsakiya zuwa baki, haruffa kuma su yi faɗi kamar suna narkewa.

A kwabban tutiya, musamman na shekarun 1980, ana yawan ganin wani tudu mai zagaye da ke ratsa rubutun da ke kusa da baki. Shi ma alamar gajiyar hatimi ce, kuma ba a biyan komai a kansa.

Idan hatimin ya tsage, ƙarfe kan shiga tsagar, sai kwabon ya fito da layi a ɗage, mai kaifi, mai karkace-karkace kamar walƙiya. Ƙananan tsagogi ba su da wata daraja ta a zo a gani. Amma idan wani yanki na bakin hatimin ya ɓalle gaba ɗaya, har kwabon ya fito da dunƙulen ƙarfe a gefensa, wannan yana da masu nemansa.

Haka nan man inji da ya haɗu da ƙura kan toshe wani harafi a jikin hatimi, sai harafin ya dushe ko ya ɓace. Wannan ma ruwan dare ne, sai idan ya shafe babban ɓangare na zanen ne yake jan hankali.

Waɗanda ake biyan kuɗi a kansu

Kuskuren rufi da masu tarawa suka fi daraja shi ne faifan da ya tsallake rufin gaba ɗaya, ko wanda rufin ya kama wani sashensa kawai, aka kuma buga shi a haka. Irin wannan kwabo kan fito fari kamar azurfa.

To sai dai jabunsa sun fi na gaskiya yawa nesa ba kusa ba. Wasu kan cire rufin da ruwan asid, wasu kuma kan ƙara wa kwabon wani farin rufi a bisa na asali, abin da har ɗalibai kan yi a darasin kimiyya.

Na gaskiya yana da sheƙin da bugun hatimi ke bayarwa, zanensa kuma a fili yake. Wanda asid ya ci fuskarsa a dushe take da ƙananan ramuka, wanda aka ƙara wa rufi kuma ƙyallinsa kan wuce kima.

Kuskure mafi tsada kuwa ido kaɗai ba ya tabbatar da shi, sai an haɗa da sikeli. A lokutan sauyin ƙarfe, tsofaffin faya-fayai kan maƙale a cikin kwantena su bi sababbi zuwa inji.

Haka ta faru a 1943, inda aka buga 'yan ƙalilan da jan ƙarfe a maimakon baƙin ƙarfe. An sayar da wanda aka buga a Denver kan dala miliyan 1.7 a shekarar 2010.

Shekarar 1982 ita ma tana da nata. A shekarar an buga kwabon da ƙarafan biyu, da kuma salon lambobi biyu, manya da ƙanana. An daɗe ana ganin Denver ba ta buga mai ƙananan lambobi da jan ƙarfe ba, sai a 2016 aka gano guda ɗaya, aka kuma yi gwanjonsa a 2017 kan dala 18,800.

Wannan labari ne ya sa har yau ake auna kwabban 1982 ɗaya bayan ɗaya, ana neman wanda zai kai giram 3.1 a maimakon 2.5.

Yadda ake ba da maki

A Amurka ana auna ingancin kwabo ne da ma'aunin da ke farawa daga 1 zuwa 70, wanda William Sheldon ya fito da shi a 1949. Daga 60 zuwa sama na kwabban da ba su taɓa shiga ciniki ba ne.

Manyan kamfanonin da ke wannan aiki su ne PCGS da aka kafa a 1986, da NGC da aka kafa a 1987. Sukan duba kwabon, su ba shi maki, su rufe shi cikin ƙaramin akwatin roba mai lamba.

Ga kwabban jan ƙarfe akan ƙara da bayanin launi: ja, ko ja mai sirkin ƙasa-ƙasa, ko ƙasa-ƙasa. Wanda ya riƙe jansa na ranar bugu shi ya fi tsada.

A nan ne lahanin rufi ke yin tasirinsa na gaske. Kwabban farkon shekarun 1980 an buga su biliyoyi, amma samun wanda babu bororo, babu ɗigo, babu tsaga a jikinsa abu ne mai wuya. Saboda haka kwabon da fuskarsa take sumul shi ne ke tsada, alhali mai ƙuraje na nan a matsayin senti ɗaya.

Kuɗin tantancewar kuma yakan ninka darajar kwabo na gama-gari sau dubbai, don haka wanda ya aika mai bororo bisa zaton kuskure ne mai tsada, shi ke kwana ciki.

Ƙasashen da suka zaɓi baƙin ƙarfe

Ba Amurka kaɗai ce ta guje wa tsadar jan ƙarfe ta hanyar rufi ba, sai dai yawancin ƙasashe baƙin ƙarfe suka sa a ciki.

Birtaniya ta yi haka ga kwabbanta na peni ɗaya da peni biyu a 1992. Senti 1 da 2 da 5 na kuɗin yuro, da suka fara yawo a 2002, su ma haka aka yi su. Kanada ta gwada tutiya a ƙarshen shekarun 1990, ta shigo da baƙin ƙarfe daga baya, kafin ta daina buga kwabon a 2012.

Najeriya ma ta fitar da kwabo 1 da kwabo 10 da kwabo 25 na baƙin ƙarfe mai rufin jan ƙarfe a 1991. Ita kanta kalmar kwabo ta shigo Hausa ne daga sunan jan ƙarfe a Turanci, tun zamanin da kuɗin yake amsa sunansa.

Irin waɗannan kwabbai maganaɗisu na kama su, saɓanin na tutiya. Idan rufinsu ya huje tsatsa ce ke fitowa, mai launin ja-ja, a maimakon farin gari. Ita ma takan ci gaba da bin ƙarƙashin rufin tana ɗaga shi.

Adanawa

Shawarar da masana suka haɗu a kanta ita ce kada a wanke kwabo, kada kuma a goge shi. Toka, ko ruwan lemon tsami, ko man goge ƙarfe duk kan kankare sheƙin asali, kuma a kwabo mai rufi suna iya huda rufin su buɗe wa ruɓa ƙofa. Kamfanonin tantancewa kan ƙi ba kwabon da aka goge cikakken maki.

Ana riƙe kwabo ne ta baki, domin zanen yatsa kan zauna a jikin jan ƙarfe ya zama tabo na dindindin.

Wurin ajiya ya kasance busasshe. A guji jakunkunan roba masu laushi da aka yi da sinadarin PVC, saboda da daɗewa sukan fitar da wani koren danƙo mai cin ƙarfe. Kwabon da ya fara ruɓa kuma a ware shi daga sauran.

Kayan aikin da mai farawa ke bukata ba su da yawa: gilashin ƙara girma mai ninki goma, da sikeli mai auna kashi ɗaya cikin ɗari na giram, da maganaɗisu, da fitila mai kyau.

Akwai kuma batun doka. Tun ƙarshen 2006 Amurka ta haramta narkar da senti ɗaya da senti biyar domin sayar da ƙarfensu, kuma hukuncin na iya kaiwa tarar dala 10,000 ko ɗaurin shekara biyar.

Da yake yanzu ba a ƙara buga sababbi domin ciniki, adadin kwabban tutiya ba zai ƙaru ba, laima kuma na ci gaba da rage su. Waɗanda za su kai ga masu tarawa na nan gaba su ne waɗanda rufinsu bai huje ba, aka kuma adana su tun da wuri.